Jar Miyar Bitrut Ba Nama: Inda Launi Da Ɗanɗano Suke Ɓacewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yarana mun ɗauki al'ada, duk Asabar sai mun girka abincin wata ƙasa. Wannan karon mun gwada jar miyar nan ta bitrut, jar saiwar nan mai zaƙi, da ake kira borsh, kuma ba mu sa nama ba. Na zuba komai a tukunya ɗaya na dafa sosai, sai ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, tana warin ƙasa, ga wani zaƙi marar armashi. Shin sai da nama take daɗi ne? Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi wa yaran albarka. Rashin nama ba shi ya ɓata miki miya ba. Abin da ya ɓata ta rashin tsami ne da yawan ɓararraka, kuma duka abubuwa ukun da kika lissafa, launin da warin da zaƙin, daga nan suka taso.

Borsh marar nama tsohon girki ne mai zaman kansa, ba dabarar masu rage ƙiba ba ce. Kiristocin Otodoks na Yukren da Rasha suna da irin nasu azumin, wanda ba a barin ci da sha daga asuba zuwa magariba, sai dai a ƙaurace wa nama da madara da ƙwai. Akwai na kusan mako 7 kafin Ista, akwai na kwana 40 kafin Kirsimeti, ga mafi yawan ranakun Laraba da Juma'a. Wanda ya bi su duka sai ya tarar kusan rabin shekara bai ci nama ba. Matan ƙauyukan can sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman yadda tukunya za ta yi daɗi a waɗannan kwanaki, kuma sun samo. A daren jajibirin Kirsimeti, a Yukren da Polan, ana jera abinci kala 12 ba nama, borsh na cikinsu. Saboda haka hanyar da kika ɗauka ta masu abin ce.

Jan bitrut yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna betanin, wanda kamfanonin abinci ke tatsa su rina alewa da yogot da shi, har yana da lamba a jikin kwalaye, E162. Kyakkyawan launi ne amma rago ne. Zafi mai tsawo yana karya shi ya koma ruwan ƙasa, haka ma duk wani abu mai kanwa-kanwa. Inda yake jin daɗin zama shi ne ruwa mai ɗan tsami. A nan ne hannun mai girkin Hausa yake iya yaudararta, domin mun saba jefa 'yar kanwa a wake don ya yi saurin nuna, ko a miyar tumatir don ta kashe tsami. A wannan miya kanwa ba ta da wurin zama ko ƙanƙani. Ko a tukunyar waken da za ki juye ruwansa a ciki, kada ki sa.

Warin ƙasar kuma gaskiya kika ji, ba hancinki ba ne. Bitrut yana ɗauke da wani sinadari, jiyosmin, wanda shi ne dai ke tashi daga busasshiyar ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Hancin ɗan Adam yana kama shi ko da ɗigo ne a cikin ruwa mai ɗimbin yawa. Tsami yana rusa shi. Feraye bawon da kyau ma yana rage shi, don a bawo ya fi taruwa. Zaƙin kuwa na gado ne: ɗan'uwan wannan saiwa, farin bitrut, shi ake tatsar sukari daga jikinsa a Turai. Ki haɗa shi da karas da soyayyiyar albasa da kabeji, kowanne da nasa zaƙin, in babu abin da zai tsaya musu a gaba dole miya ta gundire ki a cokali na uku.

To amma tsami ma yana da nasa sharrin, kuma wannan ne ya sa ba a zuba komai a tukunya ɗaya. Dankali da wake ba sa nuna da kyau a ruwa mai tsami. Sai ki yi ta dafawa suna nan da tauri, ki ƙara wuta, launi ya gudu. Dabarar matan Yukren ita ce raba aikin gida biyu. Bitrut ya nuna a kasko tare da tsaminsa, dankali da wake su nuna a tukunya babu tsami, sai a ƙarshe a haɗa su na ɗan lokaci. In kin riƙe wannan, sauran duk gyare-gyare ne.

Ga yadda nake yi don mutum 6. Ki nemi bitrut matsakaita 3, kimanin rabin kilo, masu tauri da santsin jiki. Manya-manyan nan sukan yi zare a ciki, ki bar su. A Jos ake noma mafi yawan wanda ke yawo a kasuwanninmu, ana samunsa a Farin Gada, a Kano kuma ki duba 'Yankaba. A Nijar masu lambu suna sayar da shi da sunansa na Faransanci, betarab, sau da yawa dafaffe don salak, to ki nemi ɗanye. Sai kabeji kwata, dankalin turawa 4, karas 2, albasa manya 2, farin wake gwangwanin madara ɗaya, tumatirin gwangwani cokali 2, mai cokali 4, tafarnuwa ƙwaya 4, lemon tsami 2, gishiri, masoro kaɗan, da busasshen ganyen ƙamshin nan da ake jefawa a jalof, guda 2. A Yukren man furen rana suke amfani da shi, kuma ƙasar na cikin manyan masu fitar da shi a duniya. Man gyaɗa ya wadatar. Manja kam a'a, zai rufe komai.

Ki jiƙa waken, ki dafa shi a ruwa lita 2 da rabi tare da rabin albasa da ganyen ƙamshin. Wakenmu ya fi nasu saurin nuna, don haka ki kula kada ya fashe, ki sauke da zarar ya yi laushi. Kada ki zubar da ruwan. Shi ne romonki, shi zai tsaya a madadin ruwan nama.

Yayin da wake ke kan wuta sai ki fuskanci kasko, inda daɗin miyar yake haihuwa. Ki yanka sauran albasar ƙanana, ki soya a man da wuta kaɗan, ba gaggawa, minti 10 ko fiye, har ta yi laushi ta ɗauko launin zuma. Mai nama yana iya yin sakaci da albasa ya tsira, marar nama ba shi da wannan gata. Ki goga karas ki zuba, ki juya minti 5. Sai bitrut. Ni na fi son a yanka shi sirara kamar tsinken ashana, domin ya riƙe jikinsa a cikin miya kuma ya riƙa sakin launi a hankali. Wanda aka goga da abin goga kuɓewa yana saurin nuna amma yana saurin kodewa. In lokaci ya ƙure miki ki goga, ba laifi. Da ya shiga kasko ki matse lemon tsami ɗaya a kansa nan take, ki juya, ki sa tumatirin ki bari ya ɗan soyu, ki ƙara ludayi ɗaya na ruwan wake, ki rufe, ki rage wuta. Minti 15 zuwa 20 zai yi laushi, ya yi ja mai sheƙi. Ki ware rabin bitrut ɗaya ɗanye a gefe, zai yi miki aiki nan gaba.

A tukunyar wake ki zuba dankali da kika yanka dai-dai loma, da gishiri. Bayan minti 10 ki sa kabeji, yankan sirara. Idan dankali ya nuna sarai, ki tsamo 'yan guntaye biyu da cokali guda na wake, ki murƙushe su ki mayar. Wannan shi ke ba ruwan jiki, ya daina zama tsararo. Yanzu ne za ki juye abin da ke kasko. Daga nan tukunya ba za ta sake ɓararraka ba. Ki bar ta tana motsi a hankali, murfi a ɗan karkace, minti 7 zuwa 10, ki kashe wuta.

Sauran aikin na harshe ne, kuma a nan nake son ki tsaya ki ɓata lokaci. Ki ɗanɗana. Abin da ake nema shi ne zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo shi ya share baki, gishiri ya ɗaure su. In zaƙi ya yi rinjaye ki ƙara lemon tsami, rabin cokali rabin cokali. In kin zarce, ɗan sukari a bakin cokali zai dawo da ita. In kika ji ta lami alhali da tsami da zaƙi duk suna nan, gishiri ne bai kai ba. Bitrut ɗin wannan mako ba zai yi zaƙi ɗaya da na mako mai zuwa ba, lemon tsami ma haka, shi ya sa babu awon da zai maye gurbin ɗanɗanawa. Sai ki daka tafarnuwa da gishiri kaɗan ki zuba ɗanya bayan an kashe wuta. Rabin bitrut ɗin nan da kika ajiye, ki goga shi, ki matse ruwansa ta rariya ko tsumma mai tsabta ki zuba. Za ki ga tukunya ta farka. Ki rufe ki bar ta ta huta aƙalla minti 30 kafin a zuba.

Game da dunƙule da daddawa da attaruhu, na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Shawarata, karon farko ki daure ki bar su. Idan manufar Asabar ɗinku ita ce yara su san yadda bakin wasu mutane yake, to babu riba a mayar da kowace miya ta duniya miyar gidanmu mai sabon launi. Su ji yadda abinci marar yaji yake samun ƙarfinsa daga tsami da tafarnuwa. Karo na biyu ki yi yadda kika ga dama, miyarki ce. Borsh ɗin ma ba haka ya faro ba. A ƙarnonin baya da wani ganyen daji da ake tsimawa ake yinsa, bitrut ya shigo daga baya, dankali da tumatir kuwa daga nahiyar Amurka suka zo, ba su zauna sosai a tukunyar talakan gabashin Turai ba sai wajen ƙarni na 19. In za ki ƙara wani abu namu, daddawa kaɗan ta fi dunƙule dacewa, domin tana kawo irin zurfin da mutanen Yukren suke samu daga busasshen naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci. Suna jiƙa shi su zuba har da ruwan jiƙon. In kin samu na sayarwa a manyan kantuna ki sa, amma kada ki kuskura ki tsinko na daji, akwai masu kisa a cikinsu kuma ido ba ya rarrabewa. A wasu yankunan Yukren suna jefa busassun 'ya'yan itace da aka yi wa hayaƙi don miyar azumi ta yi ƙamshin wuta. Ke kina da hanya mafi sauƙi: ki naɗe bitrut ɗaya da bawonsa a takardar gashi ta alminiyom, ki binne a garwashin kurfoti kamar awa ɗaya, ki ɓare ki yanka ki haɗa da na kasko. Gardin da yake bayarwa ya cancanci wahalar.

Akwai tsamin da ya fi na lemon tsami, kuma shi ne na asali. Kafin ruwan khal, wato binega, da tumatir su yawaita, bitrut ɗin kansa ake tsimawa. Ana yanka shi a zuba a kwalba mai tsabta, a rufe shi da ruwan da aka tafasa ya huce, gishiri kimanin giram 20 a kowace lita, a jefa tafarnuwa, a danne don kada wani yanki ya leƙo sama, a rufe bakin da tsumma. A Polan yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7, kuma sukan jefa ɓawon burodin hatsinsu don ya taimaka. A zafinmu ki fara ɗanɗanawa tun kwana na 2, da wuya ya wuce 4. Irin ƙwayoyin halittar da ke tsamar da nono da kamu su ne ke wannan aiki. Ruwan yakan fito ja wur, da tsami mai laushi wanda ba ya kartar maƙogwaro. A ƙarshen girki ake zuba shi, kofi ɗaya ko biyu, ba a tafasa shi. In kika ga gashin fumfuna a kai ko wari marar daɗi, ki zubar ki sake. Wanda ransa bai kwanta da tsimi ba ya tsaya kan lemon tsami, miyarsa za ta yi kyau. Ruwan tsamin da ke kwanciya a saman kamu ma yana aiki, kuma ba baƙon tunani ba ne, don mutanen Polan suna da farar miya da suke tsamarwa da jiƙaƙƙen garin hatsi. Tsamiya ba na ba da shawararta a nan, tana duhunta launi.

Da wannan ruwan tsimi ake yin borsh ɗin Polan na jajibirin Kirsimeti, wanda ya sha bamban da na Yukren. Na Polan tatacce ne, babu kabeji babu dankali, ruwa ne ja garau kamar zoɓo, sai 'yan ƙananan ƙullin fulawa masu cikin naman kaza suna iyo a ciki. Na Yukren kuwa mai kauri ne, abinci ne sukutum. Yahudawan gabashin Turai sun tafi da nasu Amurka, har wani yankin shaƙatawa a tsaunukan Katskil na jihar New York ya samu laƙabi daga sunan miyar. 'Yan Rasha da suka gudu Sin bayan juyin juya halin 1917 sun bar wa birnin Shangai wani nau'i wanda tumatir ya maye gurbin bitrut gaba ɗaya. Ki nuna wa yaran waɗannan wurare a taswira, tafiyar miya ɗaya ta isa darasin yini guda. A ranar 1 ga Yulin 2022, watanni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukren, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar girka borsh ta Yukren cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. Wani shahararren mai girki na ƙasar, Yevhen Klopotenko, yana cikin waɗanda suka yi ta fafutukar hakan. Hukumar ta bayyana cewa wannan ba ya nufin wasu al'ummomi ba su da nasu. Ina ganin ya dace mai girka ta ya san cewa ga wasu mutane wannan tukunya tana nufin gidan da yaƙi ya raba su da shi.

Wajen ci, wannan ba miyar tuwo ba ce. A kwano mai zurfi ake zuba wa kowa, a sha da cokali, da burodi a hannu. A Yukren akwai wasu ƙananan burodi masu laushi da ake shafa wa man tafarnuwa. Ki daka tafarnuwa da gishiri, ki kwaɓa da mai cokali 2 da ruwa kaɗan, ki shafa a kan burodi mai ɗumi, kin kusa kamo su. A ranakun da ba na azuminsu ba sukan ɗora cokali guda na kirim mai tsami a tsakiyar kwano. Kindirmo mai kauri marar sukari yana yin wannan aiki sosai. Kowa ya sa a kwanonsa, kada a zuba a tukunya, zai tsinke. A sama sukan barbaɗa wani ganye mai siraran gashi da ake kira dil. Yana da wuyar samu a wajenmu, kuma babu ganyen da ke da ƙamshinsa sak, amma yankakken lawashi yana rufe gurbin da mutunci.

Duk wanda ya san borsh zai gaya miki ta kwana ta fi daɗi, kuma haka ne, don a daren ne wake da dankali suke shan tsamin. Sai dai wannan magana ce ta mai firji. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki dafa iya wadda za a shanye. Dabararmu ta tafasa miya safe da yamma don kada ta lalace ba ta karɓi wannan ba, kowace tafasa tana cin launi. In kin ajiye a firji, ki ɗebi iya wadda za a ci ki ɗumama har ta yi zafi sosai, ki sauke, ki ɗiga lemon tsami.

Ki gaya wa yara tun kafin su ci cewa wasu mutane fitsarinsu ko bayan gidansu yakan yi ja bayan cin bitrut. Launin ne ke fita, ba jini ba ne, yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya ci kaɗan, domin bitrut yana da sinadarin ogzalet mai yawa. Jan da ke kama hannu lemon tsami da gishiri suna fitar da shi, amma katakon yanka yakan riƙe shi kwanaki.

Idan bazara ta kama, watan Maris ko Afrilu, lokacin da ba wanda ke marmarin miya mai zafi, ki gwada ta mutanen Lituweniya, wadda suke ji da ita har babban birninsu Bilniyus ya fara yi mata biki a 2023. Ki dafa bitrut 2 da bawonsu har wuƙa ta shige, su huce, ki ɓare ki goga. Ki zuba a lita ɗaya ta nono mai tsami marar sukari, su da wani tsamammen nono mai suna kefir suke yi. Ki ƙara yankakkiyar kokwamba, lawashi, gishiri da ɗan lemon tsami, ki sa a firji awa 2. Tana fitowa ruwan hoda mai haske, kalar da yara ba sa iya kawar da kai daga gare ta. A kowane kwano a ɗora rabin dafaffen ƙwai, a kawo dafaffen dankali mai zafi a faranti daban, ana gutsura ana kurɓa. Tunda wannan ba ta hawa wuta bayan an haɗa, ki tabbata nonon daga madarar da aka dafa aka yi shi, ko ki sayi yogot marar zaƙi, kuma a shanye ta a ranar.